Sai Makaɗi Ne Ke Sayen Lasifika Mai Tsada?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Zango, nan Damagaram. Na tara jaka 150, ina so in sayi ampili da lasifika masu kyau na ɗaki, don wuni nake da waƙa a kunne. Abokina ya ce asara zan yi, wai irin waɗannan kaya na makaɗa ne, ni ko ganga ban taɓa bugawa ba. Da gaske masu zuba kuɗi a kayan sauti makaɗa ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai makaɗan da ke son kaya masu tsada, amma yawancin waɗanda na sani, in kuɗi ya shigo hannunsu, fatar ganga ko sabuwar jita suke fara tunawa.

Na taɓa zama da wani dattijo mai gurmi a Birni, yana sauraron kiɗan wani yaronsa a ƙaramar waya wadda lasifikarta ta tsage. Ni ƙara kawai nake ji. Shi kuwa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tsarkiyar nan ta saki, kuma yaron yana gaggawa." Abin da kunnensa ke bi ke nan: hannun makaɗi, daidaiton sauti, inda aka shigo da inda aka tsaya. Ragowar yana cike ta da kansa, don ya san kiɗan tun kafin a ɗauka. Kai kuwa daɗin sautin kansa kake nema, ka ji muryar mawaƙi kamar yana zaune gefen kekenka. Wannan ma so ne na gaskiya, kuma ba ya neman izinin kowa.

Ko a ɗakunan ɗaukar waƙa ba daɗi ake nema ba. Lasifikar Yamaha NS-10, wadda ta fito a 1978, ta cika situdiyoyin duniya ne don ba ta ɓoye aibi, alhali mutane da dama ba sa jin daɗinta a gida. Sannan kada ka ɗauka kunnen makaɗi ya fi naka lafiya. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in aka wuni awa 8 cikinta kullum, tana cin kunne a hankali, kuma ka san yadda makaɗanmu ke kwana gaban manyan lasifikoki a wuraren biki.

Inda makaɗi zai yi maka rana shi ne ranar saye. In kana da aboki mai kalangu, ja shi Kasuwar Dole. Ya san yadda sautin ke lanƙwasa idan aka matse igiyoyin a hammata, ya san ƙarar sanda a kan fata. In lasifika ta mayar da wannan duka gum-gum, nan take zai yamutsa fuska. Mai shago zai so ya buɗe maka ƙara har ƙirji ya girgiza. Roƙe shi ya rage, ka sa waƙar da ka haddace, ka ji ko kalmomi na fita tas.

Kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. In ka ga wat 5,000 da PMPO a gefe, ado ne, don PMPO ƙarfin ɗan ƙiftawar ido kawai yake nunawa. RMS za ka tambaya, wato ƙarfin da kayan ke iya riƙewa a kai a kai, kuma wat 30 zuwa 50 kowane ɓari, dama da hagu, ya ishi ɗaki. Rabin kuɗin ko fiye ya tafi kan lasifika, don ita ce bakin da ke magana. Waƙoƙin ma ka nemi masu 320 kbps, lambar da ke nuna ba a matse fayil ɗin sosai ba, saboda wadda aka matse ƙwarai, kaya masu kyau tona asirinta za su yi.

Ka ware jaka 15 zuwa 20 don na'urar daidaita wuta. Ampili kuma ka ba shi sarari ya sha iska, musamman a zafin Afrilu. Da yake sana'arka ce, ɗinka wa kayan riga mai kauri tun kafin ƙurar hunturu ta taso, amma ka riƙa cire ta duk lokacin da za ka kunna.