Kun Tambaya, Mun Amsa: Kizimkazi, ƙauyen masunta a ƙarshen tsibirin Zanzibar

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Wani ɗalibina ya kawo mini hoton wani ɗan ƙaramin masallaci mai rufin kwano, ya ce a wani ƙauye yake mai suna Kizimkazi, kuma wai shi ne masallaci mafi tsufa a Gabashin Afirka. Na ƙura wa hoton ido ban ga alamar tsufa ba, kamar masallacin unguwarmu yake. Ina ne wannan ƙauye, kuma maganar yaron gaskiya ce?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa wannan ɗalibi naka albarka, don ya taɓo mini wurin da nake ƙauna. Maganarsa akwai gaskiya a ciki, amma tana son gyara, kuma idonka ma bai yaudare ka ba.

Kizimkazi yana can ƙarshen kudu na tsibirin Unguja, wato babban tsibirin da mu muke kira Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya, cikin Tekun Indiya. Daga birnin Zanzibar tafiyar kilomita kusan 60 ce. A gaskiya ƙauyuka biyu ne suke amsa sunan, Kizimkazi Dimbani da Kizimkazi Mkunguni, tsakaninsu 'yar tafiya ce ta kilomita kamar uku. Masallacin yana Dimbani.

Ranar da na je, ni ma abin da ka gani a hoto shi na fara gani: farin gini mai kusurwa huɗu, rufin kwano, 'yan kaburbura a gefe, akuya tana kiwo a gindin bango. Wani dattijo ne ya zo da mabuɗi. Na gaishe shi da "shikamoo", gaisuwar da yaro yake yi wa babba a can, ya amsa da "marahaba", na tuɓe takalmi muka shiga. Sai da muka isa bangon alƙibla sannan na gane abin da ya kawo ni. Mihirabin an sassaƙa shi ne da dutsen murjani, wanda ake yankowa daga cikin teku yana da taushi, a sassaƙa shi kafin ya bushe ya yi tauri. Kansa mai lanƙwasa uku ne kamar ganye. Daga gefensa kuma ga layin rubutun Larabci ya bi bango, irin tsohon rubutun nan na Kufa, haruffan sun miƙe tsaye, kawunansu sun yi rassa da furanni. Akwai ayoyin Alƙur'ani, sannan akwai bayanin da ya ɗaukaka wurin: wani shugaba mai alkunya Abu Imrana ne ya yi umarni a gina masallacin, ranar Lahadi, cikin watan Zulƙida, shekara ta 500 bayan Hijira. Wannan ya yi daidai da 1107.

Tunda kai malamin tarihi ne, ga ma'aunin da za ka ba yaranka. A lissafin tarihin sarakunan Kano, 1107 zamanin Gijimasu ne, wanda aka ce shi ya fara ganuwa. Wangarawa ba su iso Kano ba sai zamanin Yaji, bayan shekara fiye da 240. Lokacin nan masuntan wannan lungu suna da liman da mihirabi, har da gwanin sassaƙa wanda ya iya rubuta kwanan wata a jikin dutse.

To, ina gyaran? Wuri biyu ne. Na farko, ginin da ke tsaye yau yawancinsa ba na 1107 ba ne. A ɗaya gefen mihirabin akwai wani rubutun daban da ya nuna an sake gina masallacin a shekara ta 1184 bayan Hijira, wato wajen 1770. Masu sake ginin sun ɗora ne a kan tsohon harsashi, suka mayar da tsofaffin duwatsun rubutun cikin sabon bango. Kwanon kuwa na zamaninmu ne. Na biyu, masu haƙar ƙasa sun gano burbushin masallatai da suka girme shi. A Shanga, cikin tsibiran Lamu na ƙasar Kenya, an tono alamar wani ɗan masallaci na itace tun wajen ƙarshen ƙarni na 8. Saboda haka idan yaro zai rubuta a jarrabawa, ya rubuta cewa masallacin Kizimkazi yana cikin mafiya tsufa a gaɓar Gabashin Afirka, rubutun da ke bangonsa yana ɗauke da shekarar gininsa, kuma har yau ana salla a ciki. Wannan na ƙarshen shi ya fi taɓa ni. Na ga kufai da yawa a wannan gaɓa, inda ciyawa ta cinye sahu. A nan kuwa tabarmi a shimfiɗe suke, ga butoci a bakin ƙofa.

Wani abu da na daɗe ina tunani a kansa bayan na fito: wanda ya yi karatun allo a ƙasarmu ba zai ji rubutun nan baƙo sarai ba. Rubutun da muke yi a allo daga na Magrib ya samo asali, shi kuma na Magrib daga na Kufa ya tsiro. Na tsaya ina bin haruffan da ido, ina gane kaf a nan, ina gane lam-alif a can, kamar mutum ya haɗu da kakan abokinsa ya ga kamannin fuska.

Su wane ne suka gina shi? Mutanen yankin da yawa suna kiran kansu Shirazi, suna danganta asalinsu da Shiraz ta ƙasar Farisa, kuma masana sun kwatanta salon rubutun da na Siraf, tsohuwar tashar jiragen ruwa a gaɓar Farisa. Ni dai abin da na fahimta shi ne, al'ummar Waswahili 'yan ƙasa ce ta Afirka da ta yi ɗaruruwan shekaru tana ciniki da auratayya da baƙin teku. Iska ce ta tsara musu wannan hulɗa. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas, ta turo jiragen filafilai daga Larabawa da Farisa da Indiya. Daga baya iskar kusi ta juyo daga kudu ta mayar da su gida. Baƙon da ya zo dole ya zauna watanni yana jiran iska ta juya, a nan ake ƙulla ciniki, a nan ake ƙulla aure, ta nan kuma addini ya shigo, ba da yaƙi ba.

Kada ka haɗa wannan da zamanin sarakunan Oman, kuskuren da ɗalibai suka cika yi ke nan. Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa Zanzibar ne a ƙarni na 19, shekara fiye da 700 bayan rubutun Kizimkazi. Arzikin kanumfari da aka yi a zamaninsa, da gumin bayi, bai ma sauka a kudu sosai ba. Kanumfari yana son ƙasa mai zurfi, irin ta yamma da arewacin Unguja da tsibirin Pemba. Kudu da gabas kuwa fako ne na dutsen murjani, ƙasar 'yar kaɗan ce a cikin ramukan dutse. Manomi yana laluben rami ne ya dasa rogo ko ayaba ko gwanda. Akwai kwakwa, akwai kukoki manya-manya da za su tuna maka da gida, su suna ce wa kuka mbuyu. Talaucin ƙasar ne ya sa masu gonakin kanumfari ba su yi sha'awarta ba, shi ya sa mutanen kudu suka tsira da filayensu da tsohon karin harshensu, wanda ake kira Kimakunduchi, wanda ɗan birni ma sai ya kasa kunne yake gane shi.

Abincinsu a teku yake. Maza suna fita da ngalawa, wani siririn kwalekwale da aka fafe daga gungumen itace, an ɗaura masa katako biyu hagu da dama don kada ya kife. Mata kuma idan teku ta janye sai su bi tsakanin duwatsu da sanda suna zaƙulo pweza, wata halittar ruwa mai hannuwa takwas, da ake dafawa da madarar kwakwa. Na ci, kuma na ƙara.

TAMBAYA: Ɗana yana aiki a Darussalam, ya ce idan na je ziyara zai kai ni Kizimkazi in ga kifin dolfin. Shin kifi ne na gaske, kuma ba ya cutarwa? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, Allah ya kai ki lafiya. Sunan kifi kawai muke ba shi don a ruwa yake zaune, amma dabba ce mai haihuwa, tana shayar da ɗanta nono, kuma dole ta riƙa tasowa sama tana shaƙar iska ta wata ƙofa a tsakiyar kanta. Mutanen can suna ce mata pomboo. Iri biyu ne suke zaune a ruwan Kizimkazi, akwai mai dogon baki kamar wuyan kwalba, shi aka fi gani, akwai kuma mai ɗan doro, wanda ya fi jin kunyar mutane. Ba ruwansu da wanda ke zaune cikin jirgi.

A da masuntan ƙauyen suna farautarsu, su ci naman, su yi amfani da shi wajen ɗana wa manyan kifaye tarko. A farkon shekarun 1990 aka fara kai baƙi kallo, sai mutane suka ga dabbar da rai ta fi kawo kuɗi, farauta ta mutu. A 1997 gwamnatin Zanzibar ta ayyana ruwan yankin Menai, mai faɗin murabba'in kilomita 470, a matsayin wurin da ake karewa, Kizimkazi yana ciki.

Amma zan faɗa miki abin da ya ɓata mini rai. Da sassafe na ga jirage masu inji sun fi goma sun yi wa garke guda ƙawanya, kowane direba yana son baƙinsa su fi matsowa, mutane suna ta faɗawa ruwa a kan dabbobin. Safiya lokacin hutunsu ne da shayar da 'ya'ya, bayan sun kwana neman abinci. Uwa mai goyo idan aka dame ta kullum, wata rana za ta bar wurin, ranar kuwa abincin ƙauyen ne ya tafi. Ba na ganin laifin yaran da ke tuƙin su kaɗai, don baƙo ne yake matsa musu, shi ya biya. Saboda haka ki ce wa ɗanki ya gaya wa mai jirgi tun a bakin gaɓa cewa ba kwa son a bi su a guje. A rage inji, a tsaya daga gefe. Sau da yawa su da kansu suke matsowa. Ki sa rigar kariya ta ruwa, kada ki ji nauyin nema.

Idan kun dawo gaɓa, don Allah kada ku yi abin da yawancin baƙi suke yi, su hau mota su wuce masallacin Dimbani ba su ko leƙa ba. Ki yi salla a ƙauyen. Za ki ga ɗan bambanci, don su mazhabar Shafi'i suke bi: liman yana bayyana bisimilla, kuma a sallar asuba bayan ruku'u ake alƙunutu, a bayyane, an ɗaga hannuwa.

TAMBAYA: Yaya ake zuwa, kuma me ke kusa da wurin? Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi.

AMSA: Alhaji, daga Darussalam jirgin ruwa mai sauri yana kai mutum birnin Zanzibar cikin awa biyu, ko kuma ka sauka kai tsaye a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume. Zanzibar ta haɗe da Tanganyika tun 26 ga Afrilu 1964 suka zama Tanzaniya, amma tana da gwamnatinta, don haka ko daga Darussalam ka taso za a duba fasfo ɗinka. Ka bincika tun daga gida ko fasfo ɗinka yana buƙatar biza, ka riƙe katin rigakafin shawara. Tun Oktoba 2024 kuma an wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta Zanzibar, dala 44.

Daga birni akwai daladala, motar haya ta talakawa, akwai kuma tasi. Hanyar tana ratsa dajin Jozani, inda ake ganin jan birin nan da babu irinsa a ko'ina sai Zanzibar, ya cancanci tsayawar awa guda. Gabas da Kizimkazi akwai Makunduchi, garin da ake bikin Mwaka Kogwa a watan Yuli, bikin sabuwar shekara ta tsohon lissafin Shirazi, inda maza suke dukan juna da ɓawon itacen ayaba don a huce gabar shekara, a kuma ƙona 'yar bukka. Shugabar Tanzaniya Samia Suluhu Hassan, wadda ta hau mulki a Maris 2021, 'yar wannan yanki ce, ta wakilci mazaɓar Makunduchi a majalisa daga 2010 zuwa 2015.

Ka guji Afrilu da Mayu, tsakiyar babbar damina ce da suke kira masika, teku ba ta da daɗin shiga. Harshensu na Swahili ba zai ba ka wuya sosai ba, za ka ji habari ka gane labari, ka ji sabuni da kalamu da Alhamisi. Abu ɗaya ne yake rikita baƙo, wato agogo. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awoyi, saboda haka idan mai jirgi ya ce ku haɗu saa moja asubuhi, ƙarfe ɗaya a bakinsa, ƙarfe bakwai na safe yake nufi. Idan ya ce saa kumi na mbili, ƙarfe shida ke nan, kuma shi ne lokacin da jirage suke tashi.