Tumatirin bazara, injin ban ruwa da kashin kaji

Wani mai karatu daga Bunkure ya rubuto cewa bana tumatirinsa ya nuna daidai lokacin da kaya suka yi yawa a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, ko kuɗin kwando da na mota bai fitar ba. Yanzu yana so ya sake reno a watan Maris don ya ci kasuwar Mayu da Yuni. Mai shago ya nuna masa irin tumatir na gwangwani mai alamar F1, wato irin da aka samar ta haɗa iyaye biyu daban, wai yana jure zafi. Ko ya kamata ya saya?

Malam, Allah ya mayar da alheri. Lissafinka na kasuwa daidai ne, amma ka san abin da ke sa tumatir tsada a Mayu? Ba ya yi ne. Tumatir ɗan sanyi ne, shi ya sa ake renonsa a kaka, a dasa shi hunturu ya goya shi. Idan ka yi reno a Maris, furensa zai faɗo cikin Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, dare ma ba sauƙi. Za ka ga ganye kore shar, har maƙwabta na yaba maka, amma ka duƙa ƙarƙashin shukar da sassafe, sai ka tarar da fure ruwan ɗorawa ya zube a ƙasa tun bai ƙulla ɗa ba. Taki ba ya maganin wannan, ruwa ma haka.

Ga kuma sharon, tsutsar tumatir. Wanda ya yi lambu a 2016 ba sai an ba shi labarin tsutsar nan ba, yadda ta cinye gonakin Kadawa da Kura. Tana shiga cikin ganye ne ta ci tsokar, ta bar fata fara kamar leda, kuma zafi ne ke sa ta hayayyafa da sauri. Kuɗin feshi kaɗai zai iya lashe ribar da kake hange.

Ba ƙarya mai shago ya yi ba gaba ɗaya, akwai irin da ya fi wani juriya. Amma jure zafi daban, jure bazarar Kano daban. In ranka ya kafe, bar gwangwanin, sayi ƙaramin ƙunshi, duba ranar lalacewarsa, ka gwada a fangali biyu ko uku. Kada kuma ka cire iri daga 'ya'yan F1 don baɗi, ba sa biyo iyayensu. Sauran filin ka ba wa masu son rana. Kuɓewa na fara bayarwa cikin wata biyu, kuma duk kwana biyu ko uku kana tsinka. Alayyafo mako uku zuwa huɗu ka kai kasuwa. Kankana na son wajen wata uku da fili mai yalwa, in naka ƙarami ne bar ta. Ba kuɗin tumatir ba ne, na sani, amma suna shigowa kullum, su ne za su saya maka takin damina.

Daga wajen Auyo kuma wani matashi ke tambaya: injin ban ruwa mai inci biyu zai saya ko mai inci uku? Abokansa sun ce babba ya fi.

Ɗan'uwa, rijiyarka za ka tambaya, ba abokai ba. In 'yar rijiyar fadama ce mai siririn bututu, inci uku zai zuƙi fiye da abin da take bayarwa, musamman Afrilu da Mayu da ruwan ƙasa ke ja da baya. Sai ka ji injin na tari, tiyo na tofar da iska, mai na ƙonewa a banza. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuwa, kowace lita da zafinta. Inci uku na wanda ke ja daga kogi ne ko babbar hanyar ruwa, mai fili sama da eka. Kai inci biyu ya ishe ka. Abin da ya rage ka sayi tiyon zuƙa mai kauri, don yawancin injin da ake zagi, tiyonsa ne ke shan iska. Kafin ka biya, a tayar da shi a gabanka ya ja ruwa a duro, kuma ka zaɓi wanda makanikin garinku ke da kayan gyaransa. Na sola yana da daɗi, amma maganarsa sai wani makon.

Wata baiwar Allah daga Ringim tana da ɗan lambu a bayan gida, ta zuba kashin kaji, shukar ta ƙone. Ko ta koma takin zamani?

Hajiya, ɗanye kika zuba. Kashin kaji na da zafi. Ki tara shi gefe guda, ki gauraya da shara da busasshen ganye, ki riƙa yayyafa ruwa kina juyawa. Bayan kamar wata biyu, idan ya yi baƙi, warin ya tafi, kika cusa hannu ba ki ji ɗumi ba, ya nuna. Buhun NPK ya yi wa lambun tsakar gida yawa. In kina so, cikin gwangwanin madara ɗaya ko biyu ya ishi lambun duka, ki rarraba takin ki binne shi tazarar yatsu huɗu daga gindin kowace shuka, ki ba da ruwa nan take.