Canja saitin firinta daga nesa

Malam, tunda kana Gusau, firintar kuma tana ofishinku na Talata Mafara, ba sai ka yi tattaki don canja saitinta ba.

Sa wani ya duba lambar IP (adireshin firintar a netwok) a allon firintar, misali 192.168.1.50. Ka shiga kwamfutar ofishin ta AnyDesk (manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa), ka rubuta lambar a burauza, shafin saitin zai buɗe. Fara da sa kalmar sirri.

Sai ka kafe lambar IP ɗin, don kada ta riƙa canjawa. In ka bar ta a DHCP, wato tsarin da rauta (na'urar da ke haɗa netwok ɗin ofis) ke raba lambobin da kanta, da an ɗauke wuta an dawo, rauta na iya ba firintar sabuwa, kwamfutoci su neme ta su rasa. Zaɓi lambar da rauta ba ta rabawa.

Kada ka buɗe tashar 9100, wato ƙofar da firinta ke karɓar aikin bugu ta cikinta, ga intanet, kowa zai iya turo bugu.