Sufabaiza ya yi watsi da rafarans ɗina na intanet, wane shafi zan yarda da shi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Sufabaiza na ya dawo min da babi na biyu duk jan biro, wai madogaran da na ɗauko a intanet ban rubuta su daidai ba. Tsarin rubuta madogara na APA aka ce mu bi, na duba shafuka uku masu koyar da shi amma kowanne da nasa zancen. Wallahi kaina ya kulle, ga difens ya matso.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki, gyaran yini ɗaya ne. Duk shafin da kika buɗe, fara duba bugu na nawa yake koyarwa. APA bugu na 7 ya fito tun 2019 amma har gobe intanet cike take da darasin bugu na 6, shi ya sa kika ga suna saɓa wa juna. Na 6 yana sa "Retrieved from" kafin linki, na 7 ya cire shi sai in shafin irin mai sauyawa ne kullum, nan ake haɗawa da ranar da kika duba. DOI kuma, wato lambar shaidar maƙala a intanet, yanzu cikakken linki ake rubutawa, https://doi.org/ sai lambar. Shafin da bai faɗi bugunsa ba rufe shi kawai. Shafin APA Style na ƙungiyar da ta fitar da tsarin shi ne alƙali, Purdue OWL na Jami'ar Purdue ma ana yarda da shi. Ki kuma tambayi sashenku wane bugu suke bi, don wasu suna nan kan na 6 ba su ma san an canza ba.

Amma abin da ke ɗaga min hankali ba waƙafi da aya ba ne. Kullum sai ɗalibi ya zo min da "Malam ai kwamfuta ce ta fitar", kamar kwamfuta ba ta kuskure. Maɓallin "Cite" na Google Scholar da sauran masu haɗa maka rafarans, abin da aka ciyar da su shi suke amayarwa, in sunan marubuci ya shiga a juye haka zai fito a juye, sunan hukuma su yanka shi kamar sunan mutum, shekara su ɗauko ta ƙasan shafi wadda ba ita ce ranar wallafa ba. Ko manhajojin haɗa rafarans na Zotero da Mendeley da nake so sai an bi bayansu. Wannan duk da sauƙi. Mafi muni su ne masu ce wa ChatGPT ya kawo musu madogara goma, zai kawo kuwa, suna mai kyau, mujalla ta gaske, har da DOI, ka je ka nema babu maƙalar a duniya, ƙirƙirarta ya yi. Su kuma masu rubuta wa ɗalibai furojet don kuɗi da shi suke cika shafi, sai a bar yaro tsaye gaban kwamiti yana zufa kan abin da bai taɓa gani da idonsa ba.

Ki ɗauki jerin naki ɗaya bayan ɗaya, kowane DOI ki liƙa a doi.org, in bai buɗe maƙalar ba cire wannan rafarans ɗin. In shafi ba shi da kwanan wata sa n.d. (wato babu kwanan wata), kar ki yi masa ƙiyasi, sannan ki ajiye kwafinsa a Wayback Machine, ma'ajiyar shafukan intanet, don linki na mutuwa, wani ma kafin ranar difens ɗin.