Malam idan na iya lissafin blakjak har na rage asara, har yanzu caca ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibin lissafi ne a nan Katsina, ina zaune wajen Kofar Kaura. Akwai wasan karta da ake ce ma blakjak da muke bugawa a waya da kuɗi, na zauna na lissafa shi na ga idan mutum ya bi jadawalin dabara, wato wanda ke nuna lokacin jan kati da lokacin tsayawa, ribar gidan cacar bata wuce rabin kashi 1 cikin 100 ba. To Malam tunda abin ya koma ilimi da ƙwarewa ba sa'a ba, shin har yanzu hukuncinsa na caca ne?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana Allah yai maka albarka da ka tsaya ka tambaya, da yawan sa'o'inka basa tambaya sai bayan kuɗin makaranta sun tafi.

Hukunci dai a gaba: buga blakjak da kuɗi haramun ne, ko ka haddace jadawalin ko baka haddace ba. Kuma lissafin naka daidai ne, bance ka yi kuskure ba, amma shi ɗin ne babban shaida a kanka.

Mu duba wasan tukuna, don malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake. Ana so katinka ya kusanci 21 fiye da na mai rabawa ba tare da ka zarce ba, masu hoto duk 10 ne, A kuma 1 ko 11, shi mai rabawa dole ya ja kati har ya kai 17. To ina ribar gidan take ɓuya? Kai ne kake fara ja, in ka zarce 21 an kwashe kuɗinka nan take ko da shi ma daga baya ya zarce, alhali shi yana zarcewa kusan sau 28 cikin 100, amma in ka riga shi faɗuwa ba ruwansa. Shi jadawalin kuwa wasu sojojin Amurka su huɗu ne suka fitar da shi a 1956, kuma abin da ya iya yi kawai shine rage asarar, bai mayar da ita riba ba. Ko ka bi shi sau da ƙafa kana cin wajen zagaye 42 ne cikin 100, gida na cin wajen 49, sauran canjaras.

Kalli wannan da kyau. Kana riƙe da 16, mai rabawa ya nuna 10. In ka ja, kala 8 cikin 13 na katin zasu zarce da kai, in ka tsaya kuma baka da ci sai in shi ya zarce, wanda bai kai sau ɗaya cikin huɗu ba, jadawali yace ja, amma ko ka ja ko ka tsaya a lissafi kusan N540 ke tafiya cikin kowace N1,000 da ka zuba. Wato ƙwarewar taka a nan ita ce zaɓar wace asara ta ɗan fi sauƙi, kuma katin da zai fito ba kai ka san shi ba. Shi kuma rabin kashin da ka raina, in kana zuba N1,000 ka buga zagaye 100, a waya ai wannan ba wani lokaci bane, ka jujjuya N100,000 kenan, kason gida a matsakaicin lissafi N500 ne, ballantana teburin da ke biyan N1,200 maimakon N1,500 in ka samu 21 a kati biyu, wannan kaɗai yana ƙara ma gida wajen kashi 1.4 cikin 100. Maganar ƙirga katin da ya riga ya fita don hasashen wanda ya rage kuma ka ajiye ta, a waya yawanci ana sake gauraya katin bayan kowane zagaye.

Amma kar ka ɗauka don ana cinka ne ya zama haram. Ko da lissafin ya juyo kai kake da rinjaye hukuncin bai canza ba, domin caca a shari'a ita ce mutum biyu su zuba dukiya, ɗaya ya kwashe ta ɗaya bisa abin da ba a san yadda zai kasance ba, ba kaya ba aiki. Allah ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 90 giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan, ku nisance su, bai ware gwani ba. Kuma a Baƙara aya ta 219 Allah da kansa ya faɗi cewa akwai wasu amfanoni a cikinta ga mutane amma zunubin ya fi girma, kaga ke nan samun riba bai taɓa zama hujja ba. A Bukhari da Muslim Annabi (SAW) yace wanda yace ma abokinsa zo mu yi caca to ya yi sadaka, gayyata kawai fa, ba a ma zauna ba. Gasar da aka yarda a sa mata kuɗi kuwa hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya ambaci harbi da tseren raƙuma da na dawaki, karta bata ciki.

Na san zaka ce ai kasuwanci ma akwai faɗuwa. Wanda ya je Mai'adua ya sayi sa ya kawo, ko ya faɗi sa yana hannunsa, mai sayarwa ma kuɗinsa na aljihu, kowa ya tashi da wani abu. A teburin blakjak cinka shine asarar wani, ba wata hanya ta uku.

Shi ilimin lissafin yiwuwa halal ne, ka karanta ka ƙware, har in malaminku ya kawo misalin karta a aji ba laifi ka warware. Abin da bai halatta ba shine ka koya ma abokai jadawalin don su buga, ko ka tura masu link ana baka kamasho, wannan taimakekeniya ce a kan zunubi da aya ta 2 ta Ma'ida ta hana. Wasan kyauta da suke sawa ba kuɗi, malamai sun yi saɓani a kan karta in ba kuɗi, amma wannan da gidan caca ya ajiye don ka saba hannu, ni fatawata ka bar shi, musamman kai da ka riga ka ɗanɗana.

Yanzu abin yi: ka ciro uwar kuɗinka in akwai saura, abin da ya hau kai na ci ka ba mabuƙata ko ka sa a aikin jama'a da niyyar rabuwa da shi ba neman ladan sadaka ba, wanda ka ci a hannun abokin da ka sani kuma ka mayar mashi. Ka rufe asusun ka goge manhajar yau ɗin nan, kar kace bari in fanshe abin da aka ci ni tukuna, wanda ya tafi ya tafi, kayi tuba ka nemi gafara.

Wallahu a'alam.