Fofin ƙasar ƙanƙara a tukunyar Kaduna

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce ɗanki ya aiko miki da ƙunshin irin fure daga Ingila, an rubuta fofin Ayislan (Iceland poppy da Turanci) a jiki, kina tambaya ko zai yi a Barnawa, kuma ko shi ne wanda ake haɗa ƙwaya da shi. Hankalinki ya kwanta, ba shi ba ne. Wancan sunansa Papaver somniferum. Dangi ɗaya ne, amma ba ɗaki ɗaya ba. Ki dai kiyaye awaki, don naki ma yana da ɗan dafi.

Sunan da ke jikin ƙunshin bai faɗi gaskiyar asalinsa ba. Furen naki, Papaver nudicaule a sunan kimiyya, wanda masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa wa suna a 1753, mahaifarsa Sibiriya ce da Mongoliya har zuwa Alaska. Wanda ke fitowa da kansa a Ayislan wani ne daban, Papaver radicatum, gajere mai gashi-gashi da fure ruwan ɗorawa. Wannan ɗan tsiron ya kai har tsibirin Kaffeklubben a ƙuryar arewacin Girinlan, sama da digiri 83 arewa da tsakiyar duniya, inda ƙasa ta kusa ƙarewa. A Svalbard ta Norwe akwai ɗan'uwansa Papaver dahlianum. Sai kuma na tsauni, Papaver alpinum, da ke tsirowa cikin tsakuwar farar ƙasa a tsaunukan Alps da Pyrenees da Carpathian, wani fari, wani rawaya. Kamanninsu ɗaya: ganye ya taru a gindi, kara tsirara ba ganye, fure ɗaya tak a kai.

Rabe-rabensu kuwa ya daɗe yana haɗa masana gardama, kuma ni ban ga laifinsu ba. Na tsaunin Turai kuromosom (zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta) 14 gare shi, na ƙasar ƙanƙara kuma ana samun mai 56, ana samun mai 70. Ga shi kowane gungu ya keɓe a kwarinsa ko tsibirinsa, ya ɗan sake kama. Wannan masani ya ce jinsi ne mai zaman kansa, wancan ya ce reshe ne kawai. Da aka binciki ƙwayoyin halittarsu sai aka ga sun fi kusa da Meconopsis, shuɗin fofin Himalaya, a kan sauran Papaver, har a 2022 wasu masana suka ware su da sabon suna, Oreomecon. Don haka idan kika ga suna biyu a kan fure ɗaya, ba kuskuren mai sayarwa ba ne.

Abin da ya fi burge ni da su shi ne yadda furen yake kamar ɗan ƙoƙo, yana juyawa yana bin rana, ɗumi ya taru a ciki, ƙudaje su shiga shan ɗumi su kai masa barbara. A Svalbard rana takan yi kusan wata huɗu ba ta faɗi ba. Halittar neman zafi ce a inda babu shi, mu kuma nan zafin ne ya yi mana yawa.

Shekara ashirin ina rainon furanni a bakin kogin Kaduna, sau biyu na gwada shi. Na farko na shuka da damina, a watan Yuni, duk ya ruɓe tun yana ƙarami, raina ya ɓaci sosai. Na biyu na jira hunturu, farkon Nuwamba. Ya fito, ya yi mini furanni kaɗan a Fabrairu, masu laushi kamar takarda, zafin Maris na shigowa ya kwanta. Abokin sana'ata a Jos nasa ya fi nawa daɗewa.

In za ki gwada, Hajiya, ki gauraya irin da yashi mai laushi ki barbaɗa a saman ƙasa, kada ki rufe shi, yana son haske kafin ya tsiro. Ki shuka a tukunyar da zai zauna, don saiwarsa doguwa ce, ba ta son dashe. Tukunyar ƙasa mai huda a gindi, yashi ya fi taki yawa, ranar safe kawai, da azahar ki ja shi inuwa. Sauran irin ki ƙulle a leda ki sa a firji har hunturu mai zuwa.