Daga Ina Kamfanin Gazprom Ya Samo Asali?

Malam, ka tambayi ko gaskiya ne Gazprom, kamfanin iskar gas na Rasha, ma'aikatar gwamnati ce tun farko. Gaskiya ne, domin tushensa shi ne Ma'aikatar Masana'antar Iskar Gas ta Tarayyar Sobiyet, wadda aka kafa a shekarar 1965 aka ɗora Alekse Kortunov a matsayin ministanta na farko, bayan ya shafe shekaru yana jagorantar hukumar gas da ke ƙarƙashin majalisar ministoci.

Tauraron ma'aikatar ya haska ne lokacin da aka gano gas mai tarin yawa a Yammacin Saberiya, musamman filin Urengoi a 1966, inda ma'aikata suka riƙa shimfiɗa bututu a kan ƙasar da ƙanƙara ta daskarar. Sai dai Tarayyar Sobiyet ba ta ƙera manyan bututan da za su wadace ta, shi ya sa a 1970 ta ƙulla yarjejeniya da Jamus ta Yamma, Jamusawa su kawo bututun ƙarfe da bashin banki, ita kuma ta biya da gas. A ganina wannan cinikin ya fi kowane mataki tasiri, tunda ko takunkumin da Shugaba Reagan na Amurka ya ƙaƙaba a farkon shekarun 1980 bai hana kammala bututun da ya ratsa Yukren zuwa Turai ba.

Ministan ƙarshe, Biktor Chernomyrdin, wanda aka naɗa a 1985, shi ya mayar da ma'aikatar kamfanin gwamnati mai suna Gazprom a 1989, ya kuma shugabance shi kafin ya zama firaministan Rasha a 1992.